Daga Zauren Ubangida Zuwa Masana'anta: Yadda Aka Riƙa Koya Wa Matasa Sana'a

Duk shekara, idan wannan ƙungiya tamu ta kafa gidauniya, mukan rubuta wa kamfanoni da attajirai takardun neman gudunmawa, su kuma su aiko da kuɗi ko buhunan shinkafa, mu yi godiya. Wannan alheri ne babu shakka. Amma da yake waiwaye adon tafiya ne, ya kamata mai karatu ya san cewa kakanninmu sun san wata kyauta wadda ta fi wannan daɗewa a hannu, wato ɗaukar yaro a koya masa sana'a.

Tun zamanin fataucin Gwanja, attajiri ba ya rasa yara a gidansa. Yaro yakan fara da kiwon jakunan ayari, daga nan ya koyi ɗaure huhun goro da yayyafa masa ruwa da tsince wanda sankara ta kama. Idan ubangida ya gamsu da amanarsa, sai ya fara aikensa da kaya shi kaɗai. Daga ƙarshe ya yi masa aure, ya ba shi jari, ya sallame shi ya tsaya da ƙafarsa. Haka abin yake a maƙera da majema da marina irin ta Ƙofar Mata.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, wannan tsari ne ya ɗauki nauyinsa. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya taso a fataucin goro ya kuma rasu a 1955, ya tara dalar gyaɗa ne ta hannun yaransa da wakilansa da ke warwatse a ƙauyuka, kuma da yawansu sun zama masu kansu. A wannan zamani ne kuma Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa cikin 1909, inda aka haɗa karatu da aikin hannu kamar kafinta da ƙira da dukanci.

Zuwan manyan masana'antu ya sauya fasalin koyon. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tare da wani kamfanin Ingila, a 1975 kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a can. Kano ma ta cika da masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Samari daga garuruwa irin namu suka shiga a matsayin leburori, suka fito makanikai da masu aikin lantarki da walda.

Gwamnati ta lura cewa ba kowane kamfani ne zai horar da ma'aikata don raɗin kansa ba. Saboda haka a 1971 ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, mai hedkwata a Jos, ta wajabta wa kamfanoni zuba wani kaso na kuɗin albashinsu a ciki. A 1973 asusun ya ƙirƙiro shirin SIWES, don ɗaliban kwalejojin fasaha da jami'o'i su yi watanni suna aiki da injin da a allo kawai suka san shi. Wasu 'yan kasuwa ma sun bi sawu da kansu: Alhaji Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnen Ɗantata ta wajen uwa, ya kafa makarantar horar da masu fasaha a Obajana.

To amma daga tsakiyar shekarun 1980 abubuwa suka fara taɓarɓarewa. Faɗuwar darajar naira da ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kayan waje suka durƙusar da masana'antu, har masaƙar Kaduna ta rufe a 2002. Duk masana'antar da ta rufe, makaranta ce ta rufe. Shi ya sa a yau ɗalibi zai yi ta yawo da takardar neman gurbin koyon aiki, daga bisani ya ƙare a wani ofis yana zaman kashe wando, a sa masa hannu a littafi ya koma makaranta yadda ya fito.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Ubangidan da ya sallami yaro da jari bai yi asara ba, abokin ciniki ya samu. Don haka muna ba shugabanninmu shawara cewa a gidauniyar bana, bayan kuɗi, a roƙi kowane kamfani da kowane ɗan gari mai gareji ko shagon walda ko asibiti ya ware gurbi ko da na yaro ɗaya ne, mace ko namiji. Ƙungiya ta ɗauki nauyin kuɗin mota da abinci, ta kuma naɗa dattawan da za su riƙa leƙawa su ga abin da ake koya. Shinkafa takan ƙare kafin wata ya zagayo, amma mai sana'a shi zai ciyar da gidansu shekara da shekaru. Allah Ya sa mu dace.