Yanayi da Yankan Ingirici: Yadda Ruwa, Rana da Iska Suke Shafar Cimakar Bisashe

Mene ne ingirici?

Ingirici shi ne ciyawar da aka yanka tana ɗanya, aka shanya ta har ta bushe, sa'an nan aka adana ta domin ciyar da bisashe a lokacin rani. Harawar wake da harawar gujiya su ma cikin wannan sahu suke, domin da sauran ɗanyen ganye ake ɗebe su daga gona. Ingirici ya bambanta da ciyawar da ta bushe a tsaye cikin daji, wadda ake sharowa da manjagara bayan kaka. Wadda aka yanka ɗanya tana riƙe da amfaninta. Wadda ta bushe a tsaye kuwa cika ciki kawai take yi.

A kudancin Nijar, damana ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. A matsakaici, Gaya tana samun ruwa kimanin milimita 800 a shekara, Yamai da Maradi wajen 500, Damagaram wajen 400, Tawa kuma ƙasa da haka kaɗan. Sauran wata takwas ɗin, bisashe suna rayuwa ne da abin da damana ta bari. Saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar busasshen abinci kilo 6 da ɗoriya kowace rana, watau kimanin kilo 1,500 a wata takwas. Saboda haka ƴan makonnin da ake yankan ingirici su ne suke nuna yadda garke zai kai ga sabuwar damana.

Lokacin da ciyawa take da amfani

Ciyawa tana da ƙuruciya da tsufa. Tun tana ƙarama har ta fara fitar da kai, ganyenta yana da yawa, kuma cike yake da sinadarin gina jiki. Idan ta yi ƴaƴa, sai amfanin ya koma cikin ƴaƴan, su kuma su zube ƙasa. Kara ya yi tauri, ganye ya ragu. A ɗanyar ciyawa, sinadarin gina jiki yakan kai kashi 10 cikin 100 ko fiye. A wadda ta bushe a tsaye, yakan sauka ƙasa da kashi 5. Wannan bai isa ya riƙe jikin dabba ba, balle ta ba da nono.

Lokacin da ya fi dacewa da yanka shi ne farkon fitar kai ko fure. A yawancin shekaru, wannan yana faɗowa daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba ga ciyayi irin su kyasuwa, komayya da gadagi. Ita ƙarangiya, a yanke ta kafin ƙayarta ta yi ƙarfi. Gamba ma ta fi amfani ga dabba kafin karanta ya ƙosa.

A nan matsalar take. Lokacin da ciyawa ta fi amfani, ruwa bai ɗauke ba tukuna. Wanda ya yi gaggawa, ruwa yana iya ɓata masa aiki. Wanda ya jira sai sama ta washe sarai, zai tarar ciyawa ta tsufa. Aikin manomi shi ne ya nemi ƴan kwanakin rana da suke tsakanin ruwa da ruwa.

Abin da ruwan sama yake yi

Ɗanyar ciyawa kashi 70 zuwa 80 cikin 100 nata ruwa ne. Kafin a adana ta, sai ruwan ya sauka zuwa kimanin kashi 15. Shi ya sa kilo 100 na ɗanyar ciyawa ba ya ba da fiye da kilo 25 zuwa 30 na ingirici. Ciyawa mai laushi takan bushe cikin kwana biyu ko uku idan da rana. Harawa takan ɗauki fiye da haka, saboda kaurin karanta.

Idan ruwa ya daki ciyawa jim kaɗan bayan yanka, ɓarnar ba ta da yawa. Idan ya same ta tana dab da bushewa, ɓarnar babba ce: ruwan yana wanke zaƙi da gishirin da ke cikinta, ganye ya yi baƙi ya zube. Idan aka tara ta da danshi, sai ta yi zafi daga ciki, ta yi fumfuna, ta ruɓe. Babban tarin da aka haɗa da danshi yana iya yin zafi har ya kama wuta da kansa.

Abincin da ya yi fumfuna yana da haɗari. Yana sa dabba tari da zawo, yana iya sa mai ciki ta yi ɓari. Fumfunar da take kama gujiya tana fitar da wani dafi mai lahanta hanta, kuma dafin yana iya bi ta cikin nono ya kai ga yara. Harawar da ta yi baƙi tana wari, a kai ta ramin taki, kada a ba dabba.

Cikin marka, lokacin da sama take kwana da wuni a rufe, ba a yanka domin ajiya. A yanki abin da dabba za ta ci a ranar kawai.

Raɓa, rana da iska

A watan Satumba da farkon Oktoba, raɓa tana sauka da yawa da asuba. Ciyawar da aka yanka da raɓa a jikinta tana jinkirin bushewa. A bari sai hantsi, raɓa ta kaɗe, sa'an nan a sa lauje. Da yamma kuma a tattara abin da aka shanya ƙananan tsibi, domin raɓar dare ta taɓa saman kawai. Da safe a sake bazawa.

Rana ita ce mai busarwa, amma idan ta yi yawa tana cin amfani. Ciyawar da ta daɗe a rana tana komawa fari, kuma bitamin A da ke cikin koren ganye yana lalacewa. Rashin wannan bitamin yana kawo wa dabba dundumi da raunin haihuwa. Zafin agazari, wanda yake biyo bayan ɗaukewar ruwa, yana iya ƙone harawa cikin ƴan kwanaki. Ingirici mai kyau kore-kore yake, da ƙamshi, da ganye a jikinsa.

Iska tana gaggauta bushewa. Amma guguwar da take gaban hadari tana watsa shanya. Daga Nuwamba kuma iskar hunturu takan busar da harawa ƙarau, har ganye ya riƙa karyewa da an taɓa. Ganyen kuwa shi ne mafi amfani. Saboda haka a ɗaure harawa, a ɗauke ta da sassafe, lokacin da ganyen yake da ɗan laushi.

Shekarar fari da shekarar ambaliya

Idan ruwa ya yi ƙaranci, ko ya ɗauke da wuri, ciyawa takan tsaya gajera, ta yi saurin fitar da kai. A irin wannan shekara lokacin yanka yana matsowa kusa, kada a jira watan da aka saba. Nijar ta ga haka a 1973 da 1984, da 2004 lokacin da farin ɗango suka haɗu da ƙarancin ruwa, da kuma 2009. A 2010, bisashe masu yawa sun mutu saboda rashin ciyawa, waɗansu kuma da yunwa ta raunana sun faɗi da saukar ruwa mai ƙarfi.

A shekarar fari akwai wani haɗari. Ƙaramar dawa da fari ya kama, da gyauron da yake tohowa bayan girbi, suna ɗauke da dafi mai iya kashe dabba cikin ɗan lokaci. Kada a saki bisashe a kansu. Idan an yanka an shanya sun bushe sarai, dafin yana raguwa ƙwarai.

Idan ruwa ya yi yawa, kamar yadda aka gani a 2020 da 2024, ciyawa takan yi tsawo amma ta yi kara, ranakun shanya kuma su yi kaɗan. Shekarar ciyawa da yawa ita ce kuma shekarar gobarar daji. Da hunturu ya kama, wuta ɗaya tana iya cinye makiyaya mai faɗi. Share hanyoyin tare wuta tun cikin Oktoba yana kare daji, ciyawar da aka share kuma ta zama abin ajiya.

A bakin kogin Kwara, wajen Tilaberi, Yamai da Gaya, burgu yana bin cikar kogi ne. Ana yankansa da yawa lokacin da ruwa yake janyewa cikin rani, sa'ad da shanya ba ta da wuya.

Yadda za a yi aiki da yanayi

1. A saurari hasashen yanayi a rediyo. Ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa tana ba da labarin ruwa, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai kuma, wadda aka kafa a 1974, tana cikin masu fitar da hasashen damana kowace shekara kafin shuka.

2. A dubi gabas, domin daga can yawancin hadarin damana yake tasowa. Idan dare ya yi zufa, iska ta tsaya cik, a jinkirta yanka.

3. A yanka kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da mutanen gida za su iya kwashewa cikin gaggawa idan hadari ya haɗu.

4. A baza ciyawar ba da kauri ba, a juya ta sau ɗaya ko biyu a wuni. Idan ƙasa da danshi, a shanya bisa itace ko darni.

5. A cire harawar wake da zarar an tsinke wake, tun ganye bai zube ba. Gujiya kuma bayan an tuge, a juya ƴaƴan sama domin su sha iska.

6. Kada a aske daji ƙaf. A bar wani sashe ya zuba iri, ya kuma rufe ƙasa daga iska. Dokar kiwo ta 2010 ta tsara ɗibar ciyawa a makiyaya, don haka mai son ɗiba domin sayarwa ya fara tuntuɓar magajin gari ko kwamitin kula da filaye.

Gane bushewa da adanawa

A ɗebi ciyawa cikin hannu a murɗa. Idan ruwa ya fito, ko ta yi sanyi a tafin hannu, ba ta bushe ba. Idan ta yi ƙara, ba ta kuma karye duka ba, ta yi daidai. Wata hanyar ita ce a yayyanka kaɗan a zuba cikin busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, a girgiza. Idan gishirin ya dunƙule, da sauran danshi.

Wurin ajiya yana bukatar abu uku: rufi, iska, da tazara daga ƙasa. A shimfiɗa duwatsu ko itace a ƙasa saboda gara da danshi. Harawar da aka ɗora bisa soro ko reshen itace ta tsira daga awaki, amma rana tana cinta wata da watanni. A rufe ta da zana ko karan hatsi. A makonni biyu na farko, a riƙa cusa hannu cikin tarin. Idan da zafi, a warware a sake shanyawa. A nisanta ajiya daga murhu.

A ƙarshen rani, kafin ruwan farko na Mayu ko Yuni, a sake duba rufin. Wannan shi ne lokaci mafi tsanani ga bisashe: ruwan farko yana ruɓar da tsohuwar ciyawar daji, sabuwa ba ta kai ci ba, shanun noma suna bukatar ƙarfi, kuɗin dami kuma ya hau a kasuwa. Saboda haka a fara ciyar da kara da ciyawar daji tun cikin ɗari, a ware ingirici mafi kyau da harawa domin bazara, a ba masu ciki, masu shayarwa da shanun aiki. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ma'aikacin kiwo ko na gidan gona na yankinsa.