Agogon gudun moto: me yake nunawa, kuma yaya bambancinsa da ainihin gudun da ake yi a hanya?

Agogon gudu, wanda makanikai da ƴan kabu-kabu suka fi kira kwanter, shi ne na'urar da ke gaban matuƙi tana nuna masa kilomita nawa yake ci a awa guda. A yawancin motoci masu ƙafa biyu da suka fito daga masana'anta, adadin da allura ke nunawa ya ɗan ɗara ainihin gudun da moto ke yi. Idan allura ta tsaya a kan 100, sau da yawa gudun gaskiya bai kai 100 ba. Da gangan ake ƙera shi haka. Amma sauyin taya, sauyin haƙoran sarƙa da tsufan na'urar na iya ƙara wannan tazara, ko su juya ta har agogon ya riƙa nuna ƙasa da gudun gaskiya, kuma a nan ne haɗarin yake.

Yadda agogon yake aiki

Agogon moto yana ƙidaya juyawar ƙafa ne, sannan ya mayar da ita kilomita bisa girman tayar da masana'anta ta saka. Iri biyu ne ake samu.

Na farko shi ne mai waya, wanda ya fi yawa a ƙananan motocin China da Indiya da suka cika titunan Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Wani Bajamushe mai suna Otto Schulze ne ya yi rajistar wannan fasaha a 1902. A cibiyar ƙafar gaba akwai ƴan haƙora da ke juya wata waya mai lanƙwasa, ita kuma ta hau har cikin agogon ta juya maganaɗisu. Maganaɗisun yana juyawa a cikin wani ɗan ƙoƙon alminiyam ba tare da ya taɓa shi ba, amma ƙarfinsa yana jan ƙoƙon, wanda allura ke manne da shi. Wani siririn ƙarfe mai naɗi, irin na agogon hannu, yana jan allurar baya. Inda ƙarfin biyun suka daidaita, nan allura ke tsayawa.

Na biyu shi ne mai lantarki. Wata ƙaramar na'ura ce ke ƙidaya juyawar, ta aika wa kwamfutar agogon, ita kuma ta fitar da lamba a gilashi ko ta motsa allura. A wasu motocin na'urar tana jikin ƙafa, a wasu kuma tana jikin akwatin giya, kusa da ƙaramin faranti mai haƙora da ke jan sarƙa. Sanin inda take yana da muhimmanci ga duk mai son sauya haƙoran sarƙa.

Abin da ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta tanada

Ƙa'idar da ta fi shahara a wannan fanni ita ce mai lamba 39 ta Hukumar Tattalin Arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar birnin Jeneba ta 1958. Ƙasashen Tarayyar Turai suna aiki da ita, haka ma wasu ƙasashen da ke wajen nahiyar. Sharuɗɗa biyu ta gindaya. Na ɗaya, bai halatta agogo ya nuna ƙasa da gudun gaskiya ba, ko da kilomita guda. Na biyu, ƙarin da zai yi kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na gudun gaskiya, haɗe da kilomita 4 a awa.

Bisa wannan lissafi, moton da ke cin kilomita 50 a awa, agogonsa na iya nuna daga 50 zuwa 59. Mai cin 80 zai iya ganin daga 80 zuwa 92, mai cin 100 kuma daga 100 zuwa 114. Wannan shi ne gwajin da ake yi kafin a amince da sabon samfuri. Ga motocin da ake ɗauko wa daga layin masana'anta don bincike, an sassauta wa babura zuwa kashi 10 haɗe da kilomita 8, wato mai cin 100 zai iya ganin har 118 ba a karya ƙa'ida ba.

Tunda an hana nuna ƙasa sam, kuma babu masana'antar da ta san irin tayar da mai moto zai saka gobe ko yawan iskar da zai ba ta, sai kamfanoni su saita agogon ya riƙa ɗarawa kaɗan. Da haka, ko an samu ɗan bambanci, ba zai faɗa ɓangaren da aka haramta ba, kuma matuƙin da ya bi allurarsa ba zai wuce ƙa'idar gudu cikin rashin sani ba.

Abubuwan da ke sauya lissafin

Girman taya shi ne kan gaba. Tayar da aka rubuta wa 2.75-18 tsayinta daga ƙasa zuwa sama ya kusa santimita 60, kuma duk juyi ɗaya tana cin kimanin mita 1 da santimita 87. Idan aka musanya ta da 3.00-18, tsayin ya ƙaru da kimanin kashi 2 cikin 100. Agogon bai san da wannan ba, zai ci gaba da lissafi da tsohon girma, don haka adadin da yake nunawa zai ragu da kashi 2 ɗin. Ƙaramar taya kuwa ƙara adadin take yi.

Cinyewar taya ma tana taka rawa. Idan zanen taya ya cinye da milimita 3, tsayinta ya ragu da milimita 6, wato kashi 1 cikin 100, sai agogon ya ƙara ɗarawa. Haka abin yake in iska ta yi ƙaranci, musamman in an labta wa moto buhuna ko an ɗauki mutum biyu a baya. A kwana, idan moto ya kwanta, gefen taya ne ke taka ƙasa, kuma da'irarsa ba ta kai ta tsakiya ba, shi ya sa allura kan ɗan hau ko da gudun bai ƙaru ba.

Haƙoran sarƙa suna shafar motocin da na'urarsu ke jikin akwatin giya kaɗai. In aka cire ƙaramin faranti mai haƙora 15 aka saka mai 14 don moto ya ƙara ƙarfin jan kaya, agogon zai ƙara kimanin kashi 7 cikin 100 a kan abin da yake nunawa a da. In aka saka mai 16 don neman gudu, zai ragu da kimanin kashi 6, wanda zai iya cinye ƙarin da masana'anta ta bari gaba ɗaya. Moton da wayarsa ke fitowa daga ƙafar gaba, wannan sauyi bai shafi agogonsa ba.

A cikin rairayi ko laka, ƙafar baya kan juya ba tare da moto ya ci tafiya daidai da juyin ba. Agogon da ke lissafi daga baya zai nuna gudun da ba a yi ba.

Sai tsufa. A agogo mai waya, idan maganaɗisu ya rage ƙarfi allura tana nuna ƙasa da gaskiya, idan kuma siririn ƙarfen ne ya saki tana nuna sama. Allurar da ke rawa tana tsalle, galibi wayar ce ta bushe, ta cika da ƙura ko ta kusa tsinkewa. Agogon da aka sayo a kasuwa aka liƙa wa moton da ba nasa ba, mai yiwuwa an ƙera shi ne don wani girman taya daban.

Akwai kuma motocin da aka ƙera don Amurka ko Ingila, masu nuna gudu da mil. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, don haka 60 a irin wannan agogo ya kusa kilomita 97 a awa.

Yadda ake gwadawa

Hanya mafi sauƙi ita ce duwatsun kilomita da ke bakin manyan hanyoyi, irin hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Damagaram. Ana zaɓen wuri miƙaƙƙe, mara cunkoso, nesa da gari. Matuƙi ya riƙe allura a kan adadi ɗaya, wanda ke bayansa kuma ya ƙidaya sakan nawa aka ɗauka daga dutse zuwa dutse. Sai a raba 3600 da wannan adadi. Sakan 72 na nufin kilomita 50 a awa, sakan 60 na nufin 60, sakan 45 na nufin 80. Idan allura na kan 60 amma aka ɗauki sakan 65, gudun gaskiya 55 ne. Yin gwajin a kan kilomita 5 ya fi, domin kuskuren ƙidaya yana raguwa.

Hanya ta biyu ita ce wayar salula mai GPS, wadda ke lissafi daga taurarin ɗan Adam, ba ruwanta da taya. A fili, a miƙaƙƙiyar hanya, cikin gudu marar sauyawa, adadinta ya fi na agogon moto kusa da gaskiya. Tana yin jinkiri lokacin ƙara wuta ko taka birki, kuma dogayen gine-gine da bishiyoyi masu duhuwa na iya rikita ta. Wayar tana zama ne a hannun na baya ko a ɗaure jikin kan moto, ba a hannun matuƙi ba.

Ma'aunin nisa da ke ƙasan allura shi ma da juyawar taya yake lissafi, don haka sauyin taya ko haƙora na shafar sa. Wannan ya shafi mai canjin baƙin mai bisa kilomita da kuma mai sayen moto na hannu.

Abin da ya sa ƴan kilomitoci ke da nauyi

Tsakanin Maraɗi da Damagaram akwai kimanin kilomita 240. Wanda ya riƙe allura a 80 yana sa ran awa 3, alhali gudunsa na gaskiya 73 ne, zai ɗauki awa 3 da minti 17. Asarar minti 17 ba ta kashe kowa. Matsalar tana ga wanda ya ji an ce agogo na ɗarawa, sai ya riƙa ƙara wa kansa 10 a kan abin da allo ya rubuta, ba tare da ya taɓa gwada nasa ba, alhali wataƙila an riga an sauya masa taya ko haƙora.

A kilomita 50 a awa moto na cin kusan mita 14 a kowane sakan, a 60 kuma kusan mita 17. Nisan da birki ke buƙata yana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: daga 50 zuwa 60, ƙarin ya kai kashi 44 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mummunan hatsari mai kisa da kashi 4. Inda kuma jandarmomi ko ƴan sanda ke amfani da na'urar auna gudu, ainihin gudun take kamawa, ba abin da agogon matuƙi ya nuna ba.

Don haka abin da ya fi ga matuƙi shi ne ya ɗauki adadin allura a matsayin gudunsa, ya saka tayar da girmanta ya dace da abin da masana'anta ta rubuta, ya riƙa duba iska kafin ya kama hanya, ya gyara wayar agogon in ta tsinke, kuma ya sake gwaji duk lokacin da aka sauya taya, haƙoran sarƙa ko agogon kansa.