Tarihin Gaɓar Ruwa a Karkarar Arewacin Kano

Ƙasar Kano ba ta da teku, kuma tsakaninta da gaɓar Atilantika akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000 ta hanyar mota, amma duk da haka karkarar arewacinta tana da bakin ruwa mai tsawo a yau, wanda kakannin mazauna wurin ba su san shi ba, domin madatsun ruwa ne suka samar da shi a shekarun 1970. Tarihin wannan gaɓa tarihi ne na manufa biyu da suka yi gogayya a kan ruwa ɗaya, wato ta hukuma wadda ta hango wurin shaƙatawa irin na garuruwan bakin teku, da ta manomi wanda ya ga fadamar da ba ta bushewa.

Kanawa sun daɗe da sanin teku ta bakin fatake da suka gangara har Ankara da Ikko, da kuma mahajjata da suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda, kuma buɗe hanyar jirgin ƙasa a 1912 ta ƙara kusanto da shi, sai dai a wurinsu teku hanya ce ta fatauci ko ta ibada, ba wurin hutu ba. Ko a Turai ma al'adar zuwa bakin teku don hutawa ba tsohuwa ba ce, domin garin Biraitin na Ingila ƙauyen masunta ne kafin likitoci su fara tura marasa lafiya wanka a ruwan gishiri a tsakiyar ƙarni na 18, kuma sai da jirgin ƙasa ya haɗa shi da Landan a 1841 sannan talakawa suka fara tururuwa zuwa can.

A arewacin birnin Kano, inda gona ke manne da gona kuma ake noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta saura ba, ruwan da aka sani a dā shi ne na rijiya, da na kududdufi, wato ramin da ake haƙar ƙasar gini wanda ke cika da damina, da na koguna irin su Watari da Tomas da Gari, waɗanda ke gudu wata uku ko huɗu sannan su koma rairayi. Mai lambu kan haƙa rami a cikin yashin kogin ya ɗebo ruwa da jigo, wato doguwar sanda mai guga a kai ɗaya da nauyi a ɗaya kan, masunta kuma kan jira ruwan tafki ya ja, sa'annan Sarkin Ruwa ya sa ranar su, a shiga da koma da gora.

Canji ya zo ne bayan ƙirƙirar Jihar Kano a 1967, lokacin da gwamnanta na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, ya sa tare ruwa a gaban komai, kuma farin da ya addabi Sahel a farkon shekarun 1970 ya ƙara wa hujjarsa ƙarfi. An fara da kudu, inda aka gina madatsar Bagauda, aka biyo da ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, kuma a gefen kowacce aka kafa otal, domin gwamnan ya yi imanin cewa ma'aikaci da ɗan kasuwa da baƙo za su riƙa zuwa bakin ruwa a ƙarshen mako kamar yadda mutanen Ikko ke yi. Na ɗan lokaci hakan ya tabbata, otal ɗin Bagauda ya zama wurin taron manya da na hutun iyali. Amma a watan Agusta na 1988 madatsar ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, kuma daga baya gine-ginen otal ɗin suka koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya.

Madatsun arewa, wato ta Tomas a yankin Ɗambatta da Makoɗa, da ta Jakara a Wasai ta ƙasar Minjibir, da ta Watari a Bagwai, da ta Gari a wajen Kunci, yawancinsu an kammala su ne bayan saukar Audu Bako a 1975, kuma a nan ruwan ya kwanta ne a kan gonakin gado da aka shekara da shekaru ana kai musu taki a mangala, tare da ɗorawa da tsamiya da kukar da ke cikinsu. A ƙasar da kowane taƙi yake da mai shi, wannan ba ƙaramar asara ba ce, kuma diyyar kuɗi ba ta haifar da sabuwar gona.

Abin da ya rage wa manoma raɗaɗi shi ne halin gaɓar kanta, domin ba ta tsayawa wuri ɗaya: tana hawa da damina, sannan daga kaka har bazara tana ja da baya a hankali, tana barin laka mai danshi wadda manomi ke bi da shuka layi bayan layi, ta yadda a watan Maris ana iya ganin tumatir da ya nuna a can sama, da albasa mai kore a tsakiya, da sabon dashe a daf da ruwa, ga injin ban ruwa na ta ƙugi a gefe. Filin da a garin hutu za a jera kujeru da laima, a nan an yanka shi fangali-fangali, kuma shanun Fulani na neman mashaya a tsakaninsu, abin da ba ya rasa jawo saɓani. Kamun kifi kuma ya tashi daga harkar rana ɗaya ya zama sana'ar shekara, da kwale-kwale da kalli, wato ragar da ake girkewa a ruwa ta kwana, ana kamo tarwaɗa da karfasa.

Ba dukkan abin da gaɓar ta kawo ne alheri ba. Kogin Jakara daga tsakiyar birni yake tasowa, yana kwasar ruwan kwatami, sannan rafin Getsi ya ƙara masa da dagwalon masana'antun Bompai kafin ya isa Wasai, kuma ruwan da ke kwance ya zama matattarar katantanwar da ke yaɗa tsargiya, wato cutar fitsarin jini, musamman ga yaran da ke iyo a ciki. Ruwan ya kuma raba ƙauyuka da kasuwanninsu da 'yan uwansu, har ya zama dole a riƙa fito a jirgin katako. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi da ya taso daga Badau zuwa Bagwai, ɗauke da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, ya kife a madatsar Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara.

Har yanzu matasa kan je bakin waɗannan madatsu yawon Salla, kuma lokaci-lokaci akan farfaɗo da zancen mayar da su wuraren yawon buɗe ido, amma masu amfani da gaɓar kowace rana su ne mai lambu da masunci da ɗan fito, kuma buƙatarsu ta ruwa mai tsabta da jirgi mai lafiya da rigar kariya daga nutsewa ta fi ta otal gaggawa.