Yadda Zanen Fenti Ya Zama Ma'ajiyar Ƙauna da Bege

Duk wanda ya dubi ayyukan masu zanen fenti na Afirka a wannan zamani, ya lura da yadda suka karkata ga fuskar uwa, da zaman miji da mata, da ɗakin da aka yi ƙuruciya a cikinsa, zai iya zaton haka sana'ar take tun asali, alhali kuwa sai da aka yi kusan shekara ɗari ana miƙa ta daga hannu zuwa hannu, na baya yana gyara abin da ya gada daga na gaba, kafin ta iya ɗaukar abin da ke ɓoye cikin zuciya. Tana da silsila kamar kowane fanni na ilmi, kuma ɗaya daga cikin manyan zangunanta yana birnin Zariya.

A Nijeriya, farkon silsilar shi ne Aina Onabolu, haifaffen Ijebu-Ode a 1882, wanda ya koya wa kansa zane ta hanyar kwaikwayon hotunan jaridu da littattafai, a lokacin da Turawa da yawa ke riya cewa baƙar fata ba zai iya fitar da kamannin mutum daidai ba. Saboda haka himmarsa ta tafi ga kafa hujja, ya riƙa zana manyan mutanen Legas da tufafinsu da kwarjininsu, har ya tafi Landan da Paris a 1920 ya ƙaro ilmi, ya dawo a 1922 ya dage sai gwamnati ta sa darasin zane a makarantu. A sanadin haka aka kawo Kenneth Murray a 1927, wanda a cikin almajiransa akwai Ben Enwonwu. Zamanin Onabolu ya tabbatar da ƙwarewar hannu, amma zanensa na martaba ne da matsayi, maganar zuciya kuwa lokacinta bai zo ba tukuna.

Sauyin ya fara ne a Zariya, inda aka mayar da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya daga Ibadan a 1955, kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu da Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya, bayan sun ga malamansu Turawa suna koyar da su tamkar ba su da wani gado. Ra'ayinsu shi ne a riƙe dabarar da aka koya daga Turai, a auna ta da abin da aka taso aka tarar a gida. Okeke, wanda ya girma a Kafancan, ya koma wurin mahaifiyarsa ya karɓi zanen uli, wanda matan Ibo ke yi a jiki da bango. Grillo kuwa ya ɗauki shuɗin rini ya riƙa zana matan Legas da goyonsu cikin natsuwa. Tun daga nan abin da mutum ya gani yana yaro ya samu ƙofar shiga cikin zane.

A wannan zamanin ne kuma, can a Sudan, Ibrahim El-Salahi yake kan irin wannan jihadi. An haife shi a Omdurman a 1930, ɗan malami ne mai karantar da Alƙur'ani, kuma da ya dawo daga karatu a Landan ya baje ayyukansa a Hartum, sai ya ga mutanensa ba su sami abin da ya taɓa su a ciki ba. Ya yi dogon nazari, ya koma ga allo da tawada da haruffan Larabci da ya buɗe ido a kansu, irin waɗanda duk wanda ya yi makarantar allo a ƙasar Hausa ya san ƙamshinsu, ya riƙa jan harafi yana lanƙwasa shi har sura ta fito daga cikinsa. Da mahaifinsa ya rasu, ya yi zanen da ya kira Sautin Ƙarshe a 1964, yana nufin addu'ar da ake yi a kan mai barin duniya, da launukan ƙasa, da jinjirin wata, da alamomin da ke watsuwa daga tsakiya zuwa ko'ina. Da wannan ya nuna cewa ɗa yana iya ajiye juyayin uba a kan ƙyalle ba tare da ya zana fuskarsa ba.

Enwonwu kuma, bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ya je koyarwa a Jami'ar Ife, inda shi ɗan Onica ya zana wata gimbiyar gidan sarautar Ife, Adetutu Ademiluyi, har sau uku, a 1973 da 1974. Kwafin wannan zane, wanda aka sani da Tutu, ya shiga gidaje masu yawa, mutane suka ɗauke shi alamar sulhu, ainihin zanen kuwa ya ɓace shekara da shekaru, sai a 2017 aka gano ɗaya daga cikin ukun a wani gida a Landan, aka sayar da shi a 2018 a kan fam miliyan 1.2.

Wadda ta tattara wannan gado a yau ita ce Njideka Akunyili Crosby, haifaffiyar Enugu a 1983, ɗiyar marigayiya Dora Akunyili ta hukumar NAFDAC. Njideka ta tafi Amurka tana da shekara 16 ta yi karatu har Jami'ar Yale. Yadda take aikinta abin lura ne ƙwarai. Takan ɗauko hoton bikin iyali, ko na mawaƙi, ko na shugaban soja daga tsohuwar mujalla, ta yi fotokwafinsa, ta kife shi a kan takarda, ta shafa sinadari a bayansa, ta yi ta gogawa har tawadar ta tashi ta zauna a dusashe. Da ɗaruruwan irin waɗannan take cika bango da daɓe da tufafi, sa'an nan ta zana kanta da mijinta Ba'amurke a zaune, ko teburin shayi da fitilar kananzir irin na gidan kakarta. Wani lokaci ma takan liƙa atamfar da aka buga hoton mahaifiyarta a kai. Wanda ya tsaya nesa zai ga ɗaki da mutum biyu, idan ya matso sai ya ga ashe ɗakin da tunanin gida aka gina shi. A 2017 aka sayar da zanenta na yayarta tana yarinya a kan fiye da dala miliyan 3, kuma a shekarar ta sami kyautar MacArthur.

To, alal haƙiƙa, darajar waɗannan ayyuka ba ta tsaya ga kuɗin gwanjo ba, domin kowanensu ya samu ne lokacin da mai shi ya ji tsoron kada wani abu ya kuɓuce masa, ko uba, ko ƙasa, ko garin da hijira ta raba shi da shi. Sashen zane na Zariya yana nan yana yaye ɗalibai, kuma ɗan ƙasar Hausa da ya shige shi yana da zayyanar allo, da dagin soro, da jeren ɗakin amarya, da babbar rigar kaka, waɗanda kaɗan ne daga cikinsu suka shiga fenti. Wajibi ne a kansa ya ɗauke su da muhimmancin da Okeke ya ba uli, tun masu sanin ma'anarsu suna raye ana iya tambayarsu.