Lambar Kakata Da Ɗigon Shan Inna

Kakata, Allah Ya jiƙanta, tana da wani tabo a damtsenta kamar an ɗora kwabo. Lamba ce ta agana. Takan ba mu labari wai idan aka ji masu lamba sun shigo gari, a rumbu ake ɓoye yara, ita ma daga can aka zaro ta tana ihu. Amma a 1970 aka ga ƙarshen agana a Najeriya, mu da muka tashi daga baya sai dai mu ga zanzanarta a fuskar tsofaffi.

To 'yar uwa, kin ga gudun rigakafi ba yau aka fara ba. Sai dai na zamaninmu yana da dalilinsa, kuma ni ba na son in ji ana cewa jahilci ne kawai.

A 1996 sanƙarau ya yi ɓarna a Kano. Ana cikin wannan masifa kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani magani, Trovan, a Asibitin Zana. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ba rigakafi ba ne, magani ne, amma wa zai tsaya rarrabe wa uwar da ta binne ɗanta?

Saboda haka da aka zo 2003 ana cewa an sa maganin hana haihuwa a ɗigon shan inna, har likita irin Dakta Datti Ahmad yana nuna shakkarsa, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da shi, mutane ba su sha wahalar yarda ba.

Mu a yankin Kura da Bunkure akwai ƙarin wani abu. Ruwan Tiga da aka tare zamanin Audu Baƙo ya kawo mana shinkafa da alkama da tumatir, ya kuma kawo sauro da tsargiya. Ina 'yar budurwa lokacin, na ji mijin gwaggona yana faɗa a zaure: "Yaro na fitsarin jini sai na sayar da buhu na sayi magani, zazzaɓi haka. Amma wannan kyauta, har gida? Me suke nema?" Wallahi tambaya ce mai nauyi, kuma babu wanda ya zauna ya amsa masa.

A watan Yuli 2004 aka dawo da rigakafin, bayan an samo shi daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Shi dai bai sauko ba. Ranar da masu ɗigo suka yi sallama, gwaggo ta ce, "Malam, a bari a ɗiga wa yaron nan mana." Ya ce in ta fita da shi, a bakin aurenta. Ta mayar da goyonta ɗaki.

Da damina yaron ya yi zazzaɓi na kwana uku. Da ya tashi, ƙafar dama ta saki. Aka ce Inna ce ta shanye, aka yi turare, aka yi rubutu. Malam ya koma fadamarsa. Gwaggo ce ta goya shi har ya shekara bakwai, ita ke kai shi makarantar allo ta ɗauko shi. Mai yanke hukuncin daban, mai goyon daban.

A Sumaila aka samu yaro na ƙarshe a jihar Kano da ainihin ƙwayar cutar ta kama, a watan Yuli 2014, sannan a 2020 aka bayyana cewa ta ƙare a Afirka. Kafin nan an harbe masu rigakafi tara a Kano a 2013, yawancinsu mata irinmu.

Ɗan gwaggo yanzu yana awon tumatir a Kwanar Gafan. Bara aka haifa masa 'ya mace. Katin rigakafinta a aljihunsa yake kwana, shi da kansa yake tuna wa matarsa ranar komawa asibiti. Malam ya tsufa, kullum jikar tana kan cinyarsa. Har yau ban taɓa jin shi da gwaggo sun tada maganar ranar nan ba.