Fawa a Ƙasar Tsafe da Abin da ke Cikin Tsokar Nama

Fawa tana cikin tsofaffin sana'o'in gado a ƙasar Hausa. A Kuceri, da ke bakin hanyar Funtuwa zuwa Gusau, tsarinta bai bambanta da na Tsafe ko Bunguɗu ba: mahauta suna da shugabansu, Sarkin Fawa, wanda fada ke naɗawa. Shi ke tabbatar da lafiyar abin da za a yanka da halaccin yankan, shi ke raba gardama tsakanin rundawa. Kalangu kuwa kiɗansu ne. Kafin zuwan lasifika, da shi ake sanar da gari cewa an kayar da sa.

Baturen nan Hugh Clapperton, da ya sauka Kano a 1824, ya bar bayani a kan mahautan kasuwarta: yadda suke tsaga nama don kitse ya fito fili, da yadda wani kan manna gashin tunkiya a ƙafar akuya don ta wuce a matsayin naman rago. Da ya nemi ganin dambe, mahauta ne suka cika filin. Wannan dangantaka ta fawa da dambe ta daɗe, kuma ƙasar Zamfara ta san ta sosai, ko don waƙoƙin da makaɗi Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago. Isowar jirgin ƙasa Gusau ta haɓaka cinikin gyaɗa da auduga, kasuwanni suka cika, masu cin tsire suka ƙaru. Gyaɗar nan ce kuma ke ba da tunkuzar da ake dama labun kilishi.

Sai dai jarin mahauci na gaskiya shi ne sanin tsoka. Ya san nama yana da zare, kuma zaren yana da inda ya dosa. Mai kilishi yakan zaɓi tsokar cinya zalla, ya cire kitse da jijiya, ya bi ta da wuƙa yana warware ta har ta zama falle. Wanda ke son nama ya yi saukin tauna yakan gitta wuƙa ya datse zaren. A dambun nama ne abin ya fi bayyana: dahuwa tana narkar da tantanin da ya ɗaure zarurrukan, daka kuma ya watsa su sili-sili.

Silin da ido ke gani a dambu ba zare ɗaya ba ne, dami ne. Zare guda ƙwayar halitta ce doguwa wadda kaurinta bai cika wuce na gashin kai ba. Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan, a ƙarni na 17, yana cikin na farkon da suka dube ta a madubin ƙara girma, ya ga tana da ratsi-ratsi a gicciye. An daɗe ba a san ma'anar ratsin ba. A 1864 Wilhelm Kühne na Jamus ya fitar da wani furotin daga tsoka ya sa masa suna mayosin. A 1942 Brunó Straub, a ɗakin binciken Albert Szent-Györgyi da ke Hangari, ya ware na biyu, aktin. Amsar ta fito a 1954, lokacin da Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, da kuma Hugh Huxley da Jean Hanson, suka buga sakamakonsu a fitowa ɗaya ta mujallar Nature.

Abin da suka gano ya saɓa wa zaton mutane. Cikin kowane zare akwai ƙananan gaɓoɓi a jere, sunansu sakomiya, kusan 500 a tsawon milimita ɗaya. A kowace gaɓa silayen mayosin masu kauri suna tsakiya, siraran silayen aktin suna shigowa daga gefe biyu, kuma wannan jerin ne ke ba da ratsin. Idan tsoka ta takure, babu silin da ke gajarcewa. Zamewa suke yi a jikin juna. Mayosin yana da kawuna da ke kama aktin, su ja, su saki, su sake kamawa a gaba, kamar hannuwan mai jan guga a bakin rijiya. Saƙon jijiyar laka ne ke sakin kalsiyam a cikin zaren, kalsiyam ya buɗe wuraren kamun, hanyar da Setsuro Ebashi na Japan ya fayyace a shekarun 1960. Makamashin aikin kuwa sinadarin ATP ne, kuma abin lura shi ne ana buƙatarsa wajen saki, ba wajen ja kaɗai ba.

Wannan ne ya bayyana abubuwa biyu da duk yaron mayanka ya sani. Naman da aka feɗe yanzu yakan yi motsi a kan tebur, domin zarurrukan ba su mutu tare da dabbar ba, akwai sauran makamashi a cikinsu. Bayan wasu sa'o'i ATP ya ƙare, kawunan mayosin su maƙale ba saki, nama ya sandare. Ba ya sake yin laushi sai sinadaran cikinsa sun fara tsinka gaɓoɓin, aikin da ke son kwanaki a wuri mai sanyi. Zafin Zamfara bai bar wannan dama ba. Shi ya sa aka gina sana'ar a kan yankan safe da cinikin rana, abin da ya rage ya hau wuta da yamma a matsayin tsire ko balangu. Kilishi ne hanyar ajiya: falle mai siriri yana bushewa kafin ruɓa ta kama shi, musamman a rani da lokacin hunturu.

Halin da dabba ta shiga kafin yanka ma yana fitowa a namanta. Tsoka tana ajiye sukari, wanda bayan yanka ke juyewa ya zama tsami, tsamin nan kuma shi ke jinkirta lalacewa. Saniyar da aka wahalar da doguwar tafiya ko yunwa ta riga ta ƙone ajiyarta, sai namanta ya yi duhu, ya yi saurin ɓaci. Batun ya ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. Satar shanu da hare-haren 'yan bindiga sun kori garkuna da dama daga dazukan Tsafe da Bunguɗu, kuma a 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako ta hana safarar dabbobi na wani lokaci. Mahautan garuruwa irin su Kuceri, waɗanda a da suke sayen sa daga rugar da ke bayan gari, sukan nemo shi yanzu daga nesa, da tsada, a bayan mota.