Daga sutudiyon Sakkwato zuwa Amurka: yadda hoton waƙar Mdou Moctar ya yi tafiya

Maƙalarmu ta wannan mako a kan jita ce, irin mai jone da lantarki, mai ƙara kamar tsawa, wadda Turawa ke kira rock, mafi zafinta kuma metal. A Amurka mawaƙan wannan kiɗa da bidiyo suka yi suna, tun da aka buɗe tashar MTV a 1981. A nan kusa da mu kuwa akwai wanda ya kai inda suka kai, amma ta wata hanya daban, kuma hanyar ta ratsa ta ƙasar Hausa.

Sunansa Mahamadou Souleymane, an fi saninsa da Mdou Moctar, Ba'abzine ne daga jihar Tawa a Nijar. Bahago ne, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke, domin a gidansu ba a son ya yi kiɗa. A 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar. Duk wanda ya saurare shi zai ji ƙamshin waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin: gangar kwamfuta, da muryar da na'ura ta murɗe ta koma siririya. Harshen Tamashek ne, rigar kuwa ta Kano ce.

Kundin bai bi ta hannun wani kamfani ba, memori ne ya raba shi. Daga waya zuwa waya ta Bluetooth, a tashar mota da wurin biki, har waƙoƙin suka kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da "Tahoultine" a wayoyin mutane, ya sa ta a faifan Music from Saharan Cellphones a 2011. Sai da ya yi cigiya kafin ya gano mai ita.

Inda nake so mu tsaya shi ne fim ɗin da suka yi tare a Agadas, wanda ya fito a 2015. A gaskiya dogon bidiyon waƙa ne da aka sa wa labari. Ƙashin bayansa aro ne daga Purple Rain, fim ɗin Prince na 1984: saurayi makaɗi a kan babur, uba mai tsanani, budurwa, abokin hamayya, sai gasa a ƙarshe. To amma ku dubi sunan da suka ba shi, Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wato ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Masu fim ɗin sun ce Tamashek ba ta da kalma guda ta shunayya, shi ya sa suka kwatanta launin maimakon su cusa kalmar Turanci. Haka suka yi wa sauran labarin. Gidan rawa na Minneapolis ya koma tsakar gida da dandalin Agadas, uban da ke dukan matarsa ya koma uba mai ganin kiɗa bai dace da ɗan Musulmi ba. Mu ma ai mun daɗe muna aro daga Indiya, sai dai sau da yawa da kayan jikin muke kwasowa, har da gudu a cikin furanni.

Bayan haka abu ya yi sauri. Ya haɗa ƙungiya, kamfanin Matador ya fitar da Afrique Victime a 2021, sannan Funeral for Justice a 2024, ƙarar jita na daɗa zafi, baitocin na taɓa Faransa da yuraniyom ɗin Nijar. Juyin mulkin Yulin 2023 ma a Amurka ya same su suna zagayen wasa, suka maƙale a can na ɗan lokaci.

Wannan hanya ta memori ba baƙuwa ba ce ga mutanen Zakka da sauran ƙauyukan Safana da Batsari. Nan ma ta haka waƙa da fim suke isa, wajen masu turawa a rumfar cajin waya. A Satumban 2021, 'yan watanni bayan fitowar Afrique Victime, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, har da waɗannan biyu, gwamnatin Masari kuma ta hana sana'ar cajin waya a yankunan. Ba intanet kawai aka rufe ba kenan, har da rumfar da ake samun hoto da sauti. Abin da ya rage sai wanda ke cikin memorin mutum, in ya sami wutar da zai kunna, har zuwa Disamba da aka fara maido da layukan.